Ruwan da Ya Wuni a Rana

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya yara? Takardar gwajin ruwan burtsatsenmu ta iso. Da na ga kin rubuta ba a samu komai ba, sai na ji kamar babin ƙarshe na littafi, inda kowa ke yafe wa kowa. Maigida ya daina sayen ruwan jarka, yau kwana tara da na famfo nake haɗa wa jaririya madara. Ki yaba min kuma: kunya ta hana ni aika ruwa mai warin fetur wurin aikinki, sai na shanya shi a faffaɗan kwano, ya wuni a rana har warin ya fita, sannan na ɗura rabin kwalba.

Ƙanwarki mai ƙaunarki.

Auta,

Lafiya lau muke. Ki daina ba yarinyar nan ruwan tun kafin ki gama karanta wannan. Na'urarmu ba ta ɗanɗana ruwa. Muna toshe shi a ƙaramar kwalba, mu ɗumama, ta shaƙi tururin da ya taru a sama. Abin da ya tsere kafin ya iso, ba ta san da shi ba. Abin da ba ya tashi ma ba ta gani. Warin da kika kora shi nake nema. Sau biyu na ce miki ki cika har baki ki toshe nan take, kina can kina duba wa ya auri wa a littattafanki. Ga kwalabe uku da ƙanƙara, ki sake ɗibar ruwan ki aiko. Ki kai jaririyar asibiti yau.

Yayarki.

Yaya,

Ina gaisuwa. Likita ya ɗebi jininta, ya ce sakamako sai jibi. Abin da ban faɗa miki ba, maigida ya liƙa takardarki a jikin famfon, gida goma sha ɗaya ke shan ruwan. Na yage ta, na bi su ƙofa-ƙofa ina hana su sha. Matar tela, mai ciki wata bakwai, ita ma tana cikin masu sha. Ga kwalaben, na cika har baki, ko kumfa ɗaya babu.

Ƙanwarki.

Auta,

An samu. Fetur ne, ya wuce kima sosai. A sa wa famfon kwaɗo. Jibi ina zuwa, tare za mu shiga wurin likita. Ki taho da matar tela.

Yayarki.