Lakabin da na sa wa ɗiyata ya zama na ɓarauniyar takalma

Assalamu alaikum, mai kula da wannan shafi da masu karatu. Ku ɓoye sunana, kuma don Allah ku kai ƙarshe kafin ku yi mini dariya. Da hannuna nake rubuta wannan a hankali, domin da furfurata na shiga ajin yaƙi da jahilci.

A shekarar da aka kashe layukan waya a Zamfara na yi kuskuren, amma tushensa ya girmi haka. Da rashin tsaro ya taso mu daga Kurya Madaro, na dawo Ƙaura ina awon hatsi a kasuwa, zuciya ba daɗi. Mai shagon da nake cajin waya ne ya sa mini wani wasa na ƙasar Japan, wai in rage tunani. Wasa ne na 'yan mata mawaƙa na zane: ka zaɓi ɗaya, ka koya mata waƙa, ka raine ta har ta yi suna. Na san abin kunya ne ga magidanci kamata, shi ya sa ko matata ba ta sani ba. Kowa na zaɓen kyawawan gaba, ni kuwa na ɗauki wadda ke tsayawa a layin baya. Zan kira ta Sahomi, ko da yake ba shi ne ainihin sunan ba. Daga ƙauye ta fito kamar ni, muryarta ba ta kai ta sauran ba, ita ke share dandali, ita ke ɗinke rigar da ta yage, in sun faɗi gasa ita ke lallashin kowa. Don in gane abin da take faɗa, wanda ke fitowa a rubuce da Turanci, na shiga makarantar manya, na fara da Hausa har na kai ga tsintar Turanci. Malaminmu yana yaba ƙoƙarina, bai san don wa nake yi ba.

Da aka kashe layi, wasan ya daina buɗewa. Ina cikin wannan kewar aka haifa mini mace. Na sa mata sunan mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, kuma kun san bakina ba zai iya kiran wannan suna ba, dole a nemi lakabi. Yayata ta ce, "A ce mata Ummi mana." Na ce Ummi sun yi yawa a unguwa, a ce mata Sahomi. Matata ta ce, "Malam, wanga suna na wace ƙasa ne?" Na ce sunan wata baiwar Allah ce mai haƙuri da muka karanta a littafin makaranta. Ƙarya na yi, amma a raina na ce ai haƙurin gaskiya ne, me zai ɓaci?

Bara aka ce za a mayar da wasan fim mai dogon zango. Na yi murna, na ce yau duniya za ta san ta. Da ya fito, masu fassara suka sa masa Hausa, aka shiga tura shi a wayoyi. Bayan la'asar na je shagon cajin, na zauna cikin samari kamar mai jiran wayarsa. Jama'a, ban gane ta ba. Fuskar ita ce, muryar ita ce, amma sun mayar da ita mai hassada, mai laɓe a bayan ƙofa. Ana gobe gasa ta sace takalman babbar mawaƙiyarsu ta jefa a kwata, aka kama ta tana kuka da majina. Mai fassarar ya ce, "Ga Sahomi ɓarauniyar takalma!" Shago ya ɗauki dariya, ni ma na buɗe haƙora don kada a gane ni. Da aka watse na ce wa mai shagon, "A wasan yaushe ta taɓa ɗaukar ko allura?" Ya ce, "Baba, fim ne fa, sai da mugu yake daɗi." To me ya sa ita? Don ba ta da masoya da yawa, sai aka ga ba wanda zai yi magana? Su da suka halicce ta da hannunsu, su ne za su tozarta ta?

Da a kaina abin ya tsaya da na haɗiye, ni ba baƙon haƙuri ba ne. Amma fim ɗin ya shiga hannun yara. A Islamiyya kuwa a bakin ƙofa ake tara takalma, kuma ba a rasa wanda zai ɓata. Yanzu da an nemi silifa an rasa sai yara su ɗauki waƙa da sunan ɗiyata. Rannan ta dawo gida ƙafa ba takalmi, ga ƙasa da zafi. Na ce, "Ina takalmanki?" Ta ce, "Na bar su can, don su gani ban ɗauki na kowa ba." Sai ta ɗago ta ce, "Baba, wai ni ɓarauniya ce?" Yarinyar da ke ɗauke da sunan uwata!

Matata ba ta ga fim ɗin ba, tana zaton dacewa ce kawai. Ta ce, "Malam, ka ɗauko littahin nan in kai ma malaminsu, ya karanta ma yara su ji asalin sunan." Na ce yana wurin malaminmu. Kullum sai ta tuna mini, kullum sai na ce gobe, alhali babu littafin. In na faɗa mata cewa da sunan yarinyar wasan waya na rufe sunan Inna, da wane ido za ta sake kallona? Yayata fa? In kuma na ce a canza lakabin, ita yarinyar ba ta san wani suna ba, kuma kamar na yarda ne da abin da yara ke faɗa.

Wasan yana nan a wayata, ban goge ba, ban kuma sake buɗewa ba. Na rasa shekara shida da na yi ina rainon abin da masu shi suka wulaƙanta. Na rasa gaskiyata a wurin matata, ko da ba ta sani ba tukuna. Ɗiyata ta rasa takalmanta, ta daina zuwa Islamiyya, kuma in na kira ta da sunan nan ba ta waiwayowa.

Me zan yi?