Wa Zai Karɓi Alli Daga Hannun Baba?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a ɓoye sunana, cikin gari muke, kowa ya san gidan kowa. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya gama kullewa.

Mahaifina tsohon malamin firamare ne, Turanci ya koyar har ya yi ritaya. Tun ina yarinya yake tara yaran unguwa a soron gidanmu a Zaitawa, duk Alhamis da Juma'a bayan la'asar tunda ranakun babu Islamiyya. Akwai allo da ya shafa a jikin bango, a nan yake koya musu inda ake sa aya da waƙafi, da fara jimla da babban baƙi, da inda ake cewa is da inda ake cewa are. Yawancin magidantan layinmu ta hannunsa suka bi, ni kaina na sha ranƙwashi a kan waƙafi har na ɗauka da shi za a yi mana hisabi. Tun da Innarmu ta rasu Baba ya daina zuwa majalisa, ya daina sauraren rediyo, lesin nan kaɗai ya rage masa. Ranar Alhamis tun da hantsi zai sa a goge masa kaftani, ya wanke allon da kansa, ya zauna yana jira.

To 'yan uwa, Baba ya fara mantuwa. Da farko darasi ɗaya yake ta maimaitawa, muka ce tsufa ne. Sai wata rana na kawo masa abinci daga gidana, na tsaya a bakin soro, na ji yana sa yara suna rera they is, they is, da ƙarfi, ga alamar tambaya ya dasa a ƙarshen jimlar da babu tambaya a cikinta. Da sati ya zagayo sai ya koya musu daidai, ya kuma yi musu faɗa wai wa ya koya musu wannan shirme. Mun kai shi asibiti, likita ya ce abin ba ya warkewa sai dai lallaɓawa, kuma kada mu raba shi da abin da yake jin daɗinsa.

Ashe iyayen yaran sun riga mu sani, kara ce kawai ta rufe musu baki. Ban gane haka ba sai da matar wani maƙwabcinmu mai sayar da yadi a kasuwar Kurmi ta biyo ni har gida. Muka gaisa, ta yi ta kewaye-kewaye, can dai ta ce, "Yaya, wallahi da nauyi nake wannan magana. 'Yata Ummi ta je makaranta ta rubuta abin da Malam ya koya musu, malamarsu ta soke, ita kuma ta kafe wai Malam ba ya kuskure, aka yi mata bulala a gaban aji, 'yan aji suna dariya. Ga jarrabawar shiga sakandare ta matso. Na ce da babanta mu cire ta, ya ce Malam ne ya riƙe hannunsa ya koya masa rubutu, da wane ido zai wuce ta ƙofar soron nan in ya janye 'yarsa? Don girman Allah kada Malam ya ji daga bakina." Yarinya ta sha duka saboda ta yarda da ubana.

Na kira ƙanena muka yi magana, daga magana ta koma rigima. Shi ya ce a rufe lesin kawai, a bi gida-gida a ce kada a sake turo yara, in Baba ya tambaya a ce sun koma wani wuri. Na ce masa wannan binne Baba ne da ransa, mutumin da zai goge kaftani ya zauna a soro shi kaɗai yana leƙen hanya. Ya ce ina jinyar ubana da 'ya'yan mutane, kuma Allah zai tambaye ni. Na yi masa tas, amma ni na san bai yi ƙarya ba, har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Na gwada shiga soron wai in taya Baba duba aikin yara, ko na riƙa gyarawa a ɓoye, ya ce matar aure ba ta zama a soro, in shige ciki.

Abin da ya sa na rubuto shi ne abin da ya faru Juma'ar nan. Yara sun watse, na fito zan tafi gida, na tarar da Baba tsaye gaban allo da alli a hannu yana kallon rubutunsa. Sai ya kira sunana. Ni 'yar fari ce, tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinsa ba, daga "ke" sai "yarinyar nan". Ya ce, "Zo ki duba min nan, daidai ne? Yaran nan sun daina ɗaga hannu, iyayensu kuma in sun gaishe ni ƙasa suke kallo. Ke ba kya yi min ƙarya. In na fara ɓata 'ya'yan mutane, ki faɗa min." Na kalli allon, kuskure har uku. Na ce masa ana kira na a ciki, na shige ɗakin Inna na yi kuka har na gode wa Allah. Da zan fita ya ce ranar Alhamis in zo da wuri kafin yara, yana jiran amsa.

Abin da ya fi ci min rai, wataƙila kafin Alhamis ya manta ya tambaye ni. Ina iya yin shiru, ba zai taɓa sani ba, yaran kuma su ci gaba da zuwa. In kuwa na faɗa masa, na san a ranar zai ajiye allin, kuma ban san me zai tashe shi daga kan gado ba bayan nan.

'Yan uwa, mutumin nan da hankalinsa ya tambaye ni. In faɗa masa gaskiya, ko in jira ya manta?