Kumburin Furera

Talata, 9 ga Afrilu 1985
Na dawo daga lakwal, makarantar da nake koyarwa, na ɗaga murfin randar Furera in jefa mata ɓera. Kanta ya kumbura har wuya, ido ya kusa nutsewa. Mesar marigayi Baba, shekara ashirin da biyu tana gidanmu, ban taɓa ganinta haka ba. Ko kallon ɓeran ba ta yi ba.

Laraba, 10 ga Afrilu
Husaina ta ce in mutane na layin jar dawa gaban sojoji, wa ke kukan maciji? Matata ba ta yi ƙarya ba, amma na ji haushi. Furera kaɗai ta rage mini cikin kayan Baba. Ganga ta tsage, layu 'yan uwa sun kwashe.

Alhamis, 11 ga Afrilu
Likitan dabbobi ya ce shi na shanu ne, shanun ma sun ƙare. Ya yi dariya, wai ni, Mushe Talle malamin lakwal, da maciji. Na ce ta wani maƙwabci ce. Allah Ya yafe mini.

Yini na yi ina tuna kasuwar Tasawa ta da. Baba gardi ne, yana juyi da Furera a kafaɗa, mata na ihu suna matsowa, ni ina riƙe da kwando ina cin gyaɗa. Lokacin tabkuna cike suke. In za mu koma gida sai ya sake ta cikin ruwa ta yi iyo, ya zauna bakin gaɓa yana mata hira. Da na shiga lakwal na daina bin shi. In an tambaye ni sana'ar ubana, manomi nake cewa.

Asabar, 13 ga Afrilu
Ta ƙaru. Numfashi da baki buɗe.

Lahadi, 14 ga Afrilu
Na kai ta Kanan-Bakashe wurin Baba Hamani, abokin wasan Baba. Jandarman bariye, shingen kan hanya, ya ce in buɗe kwando, ya leƙa, ya ce wuce, wuce.

Garin rabi babu kowa, an yi kudu. Tsohon ya rame ƙwarai. Ya shafa wuyanta sau ɗaya, ya dube ni.

"Talle, yaushe rabonka da ka taɓa ta da hannu?"

Tun rasuwar Baba, shekara biyu, murfi kawai nake ɗagawa.

Ashe saɓa ce. Ta yi ta sauya fata cikin busasshiyar randa, tsohuwar ba ta fita duka, ta taru a wuya har hawa uku ta shaƙe ta kamar zobe. Ya ce in idonta ya yi fari, Baba kan jiƙa ta a ruwa, ya bi jikinta da tafin hannu. Na sha gani, ban taɓa tambayar dalili ba. Ni a zatona wasa ne.

Ya juye ruwan tulunsa kaf cikin ƙwarya, ruwan da jikarsa ta yini bakin rijiya kafin ta samu. Na ce Baba, kai fa? Ya ce, "Riƙe mini kanta, ɗan boko." Na riƙe. Da ya ɓare zoben da farce, na yi kuka, ban ɓoye ba.

Ya ce in bar masa ita tunda kunyarta nake ji. Na ce a'a.

Laraba, 17 ga Afrilu
Kumburi ya fara saɓewa. Ruwan wankana nake ba ta. Husaina ta gani, ba ta hana ni ba.

Juma'a, 26 ga Afrilu
Ta ci ɓera.

Randar ta yi zafi, shi ya sa bayan la'asar na fito da ita ƙofar gida, don iska kawai. Ta hau kafaɗata da kanta, nauyinta ya ba ni mamaki. Darektan lakwal ɗinmu ya zo wucewa a kan babur, ya ci birki, ya ce, "Mushe Talle, ta wa ce wagga?"

Na ce ta ubana ce, gardi ne. Ya jima yana kallona, ni kuwa ban tashi ba, don ta riga ta yi barci.