Akwatin Furanni Ɗari

Hull, 3 ga Maris, 1993

Baba,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar? Ina fata maganin kake sha, ba zubarwa a tukunyar fure ba.

A gidan kula da tsofaffin da nake aiki, sabon manaja ya kafa akwati, ya rubuta a jiki: "Bari furanni ɗari su buɗe." Wai kowa ya jefa kokensa. Har da yi mini murmushi: "Maganar ƙasarku ce, ko?" Turawan nan faɗinta suke kamar fatan alheri.

Ni kuwa ina da magana. Ana ɗaure wata tsohuwa, Misis Oldroyd, a kujera wuni guda don kada ta dami ma'aikata. Amma izinin zamana a ƙasar nan a hannun manajan yake. In ya kore ni, sai gida. Tsoro nake ji, Baba. Ina asalin maganar furannin nan? A makaranta layi ɗaya aka koya mana.

'Yarka,
Shulan

Kaifeng, 17 ga Maris

Shulan,

Saƙonki ya iso, ƙafa da sauƙi. Kada ki jefa komai a akwatin nan!

Jam'iyya mai mulki ce ta ce furanni ɗari su buɗe, wato kowa ya faɗi ra'ayinsa ba fargaba. A 1957 mutane suka saki baki. Ba a yi wata biyu ba aka shiga bin sunayen waɗanda suka yi magana, ana kama su.

Mutumin nan na hoton da ke ɗakina, da nake ce miki ɗan ƙauyenmu ne, Lu Wenbin ke nan, tare muke koyarwa. Ni na tsara koke a kan shugaban makaranta mai dukan yara, shi ya kwafe saboda ya fi ni kyan rubutu. Ranar miƙawa ya sa hannu. Ni na ce tawadata ta ƙare. Aka kai shi lardin Gansu mai nisa aikin horo, bai dawo ba.

Shekara talatin da shida ban faɗa wa kowa ba. Ƙaryar tawadar nan ce ta sa kike duniya. Ki yi shiru, ina roƙonki.

Mahaifinki,
Tan Deming

Hull, 2 ga Afrilu

Baba,

Ina gaisuwa. Sau uku na karanta, na yi kuka, ban kuma ga laifinka ba.

Jiya na ga shatin igiya a hannun Misis Oldroyd. Na jefa takardar kokena a akwatin. Manaja ya ce in same shi ofis ranar Litinin.

Da alƙalamin da ka ba ni a tashar jirgi na sa hannu. Tawadar ta isa.

Ka sha maganinka.

Shulan