Jirgin da Clive Bai Rufe Ba

Ya ke Maureen,

Don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya ɗaure, 'yata kuma ta gaji da jin zancen nan. Mijina Clive ya rasu a watan Maris, ya bar mini jirgin sama a buɗe a kan teburin cin abinci.

Ke 'yar Lincolnshire ce, kin san halin mazanmu. Tun da ya yi ritaya ba shi da aiki sai harhaɗa ƙananan jiragen yaƙi na roba, irin waɗanda ake saya guntu-guntu a kwali. Na ƙarshen nan Lancaster ne, mai jefa bama-bamai, faɗin fukafukansa ya kusa mita guda. Saboda shi muka fi shekara biyu muna cin gasasshen naman Lahadi da faranti a kan cinya. Na yi mita har bakina ya gaji. Kullum amsarsa ɗaya ce: "Saura ƙiris, tawan."

Gangar jikin jirgin rabi biyu ce, kamar ɓawon gyaɗa. Sai an gama aikin ciki a shafa gam a haɗe, daga nan ba mai ƙara ganin cikin. Clive, mutumin da har ya mutu bai san inda nake ajiye gishiri ba, shi ne zai zauna da tabarau biyu a hanci yana yi wa teburin mai duba taswira fenti, da 'yar fitilarsa, da filas ɗin shayi da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Na taɓa tambayarsa wa zai ga wannan wahalar. Ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Ni ai na san yana nan."

Mahaifinsa Leonard shi ne mai bindigar baya a irin wannan jirgin. Sun tashi a shekarar 1944 ba su dawo ba, lokacin uwar Clive tana ɗauke da cikinsa. Haruffan shaidar da ke jikin jirgin nasu ya tanada zai manna wa wannan. Mutum bakwai ne a jirgin. Clive ya riga ya zaunar da 'yan mutum-mutumin shida daga cikinsu. Na bakwai, baban nasa, ya gama masa fenti, har ya sato jan ulu a kwandon saƙata ya naɗa masa a wuya, domin uwarsa ta ce da irinsa ta sallami mijinta. Yana nan tsaye a kan murfin kwalba a gefen jirgin. Clive ya ce shi zai zaunar a ƙarshe, kuma bai kai ba.

Kwanakin baya Trevor, abokinsa na ƙungiyar masu wannan aiki, ya zo. Ya leƙa jirgin ya daɗe, sannan ya ce, "Ki bar ni in rufe shi, mu kai baje kolin Nuwamba da sunan Clive. In kika bar shi haka rana za ta lanƙwasa robar, ƙura ta cinye fentin." Raina ya ɓaci. Na ce, "Trevor, shanye shayinka ka kama gabanka." Dattijon nan ya fita har ya manta hularsa, kuma har yau bai dawo ɗauka ba.

Ga Gillian 'yata ta samo mini ƙaramin gida kusa da ita, kuma ina son komawa, matakalar gidan nan ta fi ƙarfin gwiwata. Ta ce jirgin ba zai kai ba a buɗe cikin motar kaya. Har ta ce, "Mama, kayan wasa ne fa." Ta ba ni haƙuri daga baya, amma maganar ta zauna mini.

Maureen, kowace safiya nakan ɗauki shayina in sunkuya in leƙa ciki. Aikin hannunsa na ƙarshe yana nan. Gani nake in an rufe shi kamar an sake rufe mini akwatin gawarsa ne. In na bar shi kuma zai lalace a gabana. Yaya zan yi?

Mai gadin teburi, kusa da Sleaford

*

Ya ke Mai gadin teburi,

Allah ya ba ki haƙurin rashin Clive. Ba kayan wasa kike gadi ba, kuma babu abin kunya a leƙen da kike yi da safe.

Amma zan gaya miki gaskiya: Trevor bai yi ƙarya ba. Yayana ma irinsu ne, na ga yadda roba ke karkacewa a bakin taga har rabin biyu su ƙi haɗuwa. Kuskuren Trevor shi ne gaggawa, da kawo zancen baje koli a gidan da ake makoki. Shi ma fa aboki ya rasa, kuma irin waɗannan mazan ba su iya ta'aziyya da baki ba, sai da gam da burushi. Gillian kuwa gwiwarki take ji, ba raina ubanta ta yi ba.

Ki tuna amsar da Clive ya ba ki da bakinsa. Ya san za a rufe filas ɗin nan tun kafin ya ɗauki burushi, bai kuma fasa ba. Bai yi jirgin don ya zauna a wangale ba.

Ga abin da nake gani. Yau ɗin nan ki janye shi daga rana ki lulluɓe shi da ƙyalle mara nauyi. Ki sa Gillian ta ɗauki hotunan cikin, lungu-lungu, har ki ƙoshi. Sannan ki kira Trevor ki ce ya zo ya ɗauki hularsa, zai gane. A kan teburinki za a yi aikin, ba a gidansa ba, kuma sai ranar da kika ce. In ya shafa gam, ana bukatar mai riƙe rabin biyu har su kama. Ke za ki riƙe. Zancen baje koli a bar shi, duk shekara ana yi.

Akwai abin da nake jin Trevor zai gaya miki da kin bar shi ya ƙarasa shayinsa. Mai bindigar baya ba a cikin duhun jirgin yake zama ba. Wurinsa ɗan keji ne na gilashi can a wutsiya, kuma a ƙarshe ake manna shi, shi ya sa Clive ya ajiye babansa a gefe. Ko an rufe komai, Leonard da jan ulunki suna nan a fili, fuskarsa tana kallon baya, wajen da suka taso.

Ki ɗauki hantsakin Clive ki zaunar da shi da hannunki. Jirgin farko ya tafi da shi bai dawo ba. Wannan kuwa ki rungume shi a cinya a kujerar gaban mota, ki kai surukinki gida.

Ina yi miki fatan sauka lafiya, ku duka.

Maureen