Maigidana Zai Kafa Mana Tanti a Tsakiyar Gulbi

Gusau, Mayu 1955

Zuwa ga Malam Arzika, mai filin shawara,

Assalamu alaikum. Don Allah don Annabi, Malam, ka taimake ni, kuma ka taimake ni da wuri, don kwana ashirin suka rage a yi Salla, kuma washegarin Salla za a yi abin da nake tsoro. Ka yi haƙuri da rubutuna, ban yi makaranta ba. Maigidana ne ya koya mini boko a tsakar gida, ga shi yau da rubutun da ya koya mini nake kawo ƙararsa. Allah ya yafe mini.

Ni 'yar Karakkai ce, ƙasar Bungudu, shekara tara ke nan da aka kawo ni Gusau. Ɗiyana uku. Na farin, wanda ba na kama sunansa, shekararsa bakwai, sai Hajara mai biyar, sai Lukuman da bai daɗe da fara tafiya ba. Maigidana akawu ne a wani kamfanin sayen gyaɗa da auduga. Ba zan yi masa ƙarya da azumi a bakina ba, mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Taurin kai ne dai Allah ya ba shi, in ya ce gabas to gabas ɗin ne.

Ga yadda abin ya faro. Turawan kamfaninsu suna da wata al'ada, in an yi hutu sai su kwashi matansu da yaransu a mota su tafi daji su kafa tanti su kwana, wai shan iska. A Kirsimetin da ta wuce manajansu ya tafi da maigidana don ya yi masa tafinta wajen mai garin wani ƙauye kusa da Bungudu. Suka kafa tantunansu a kan wani farin yashi mai laushi, suka yi kwana uku. Ya ce yaran Turawa sun yi ta birgima a yashin, ana nuna musu tsuntsaye da madubin hangen nesa, ana gaya musu sunayen itatuwa. Shi kuwa aka bar shi can gindin mota, ana miƙo masa abinci daga nesa, ko tabarma ba a ce ya matso ya zauna ba. Daga baya ya ce mini abin da ya fi ci masa rai shi ne dajin nan na kakanninmu ne, amma yaran baƙi ne ke morarsa, namu kuwa ba su san komai ba sai lungu da kwata, ko kanya da ɗinya ba za su iya bambantawa ba.

Shi ne fa suka haɗa kai da abokinsa Malam Shu'aibu, wani akawu shi ma, suka kafa ƙungiya ta ma'aikata baƙar fata, gida takwas. Za a fita da mata da yara a yi kwana uku a daji, kamar yadda Turawa ke yi. Sun sa tela ya ɗinka tantuna da tamfol, sun sayi zana da za a kewaye wa mata wurinsu, sun yi magana da mai babbar mota. Wallahi, Malam, da farko ni ma murna na yi. Rabona da in taka ciyawa da ƙafata har na manta.

Ran da ya zana mini wurin a takarda nan take na gane shi. Ashe farin yashin nan ba bakin gulbi ba ne, cikin gulbi ne, tsakiyarsa sosai, inda ruwa ke bi! Na san wurin kamar tafin hannuna, bai kai tafiyar hantsi daga gidanmu na Karakkai ba.

Malam, ina da kamar shekara goma, a irin wanga lokaci na ƙarshen bazara, muka je gulbin nan tonon ruwa a yashi. Da hantsi ne, rana tarwai, ko ɗigon ruwa bai sauka a garinmu ba. Sai muka ji ƙanen babana, Baba Manu, wanda ke fiton mutane da gora in gulbi ya cika, yana ta kwarara mana ihu daga kan gaɓa mu fito. Muka ji wani rugugi daga gabas. Kafin mu gama hawa tudu ruwa ya iso, jawur, ya fi tsayin mutum, ɗauke da kututture da matattun awaki. Lami, 'yar maƙwabtanmu, ta koma ɗaukar tulunta don tana tsoron faɗan innarta. Da idona na ga ɗankwalinta yana juyawa a kan ruwa. Sai bayan kwana uku aka tsinto ta can nesa.

A garinmu, da zarar an fara ganin hadari a gabas, dattawa sukan hana kowa kwana ko ɗaure dabba a cikin gulbi. Sukan ce Mai Gulbi ya kusa dawowa gidansa, kuma ba ya sallama. Haka na taso na ji, haka kuma na gaya wa maigidana. Wayyo, da na sani ban faɗa masa haka ba! Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ashe wahalar banza ya yi wajen koya mini karatu, tunda har yanzu aljanun ƙauye na cikin kaina. Ya ce da idonsa ya ga Turawa sun kwana uku a wurin ba abin da ya taɓa su, kuma Bature da iliminsa ba zai kai ɗansa inda akwai haɗari ba. Ya ce in duba sama, bana ko yayyafi ba a yi a Gusau ba. Bai tsaya nan ba, ya je ya ba Malam Shu'aibu labari, yanzu matan ƙungiyar duk sun ji, in mun haɗu a gidan suna sai su riƙa tambayata ya jikin Mai Gulbi, suna ƙunshe dariya.

To ga shi yayata da ke aure a 'Yandoto ta aiko mini da gaisuwa shekaranjiya, ta ce an yi ruwa sau biyu a wajen Tsafe, har wasu sun yi shuka. In na kalli ƙafafun Lukuman, waɗanda ko dokin ƙofa ba su iya tsallakewa sai ya dafa, sai in tambayi kaina da me zai hau gaɓar nan. Kuma ba nawa kaɗai ba ne, yara sun fi ashirin.

Na ce masa ni ba za ni ba. Ya ce shi ne shugaban tafiyar, ba zan kunyata shi a gaban abokansa ba, in kuwa na ƙi, sai in zauna da ƙaramin, shi ya tafi da manyan biyu. Wannan ya fi komai tayar mini da hankali. Na farin nan kullum sai ya ƙirga kwanakin da suka rage da tsakuwa, Hajara kuma ta riga ta ɗaure 'yan kayanta a tsumma.

Ina tunanin in kwashe su in gudu Karakkai kafin Salla, amma ban taɓa yaji ba, kuma na san ba zai manta ba. Ko kuwa da gaske ni ce jahilar, tsoron yarinta ne ke bina? Ka gaya mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba. Na san yana karanta jaridar nan kowane mako, in ya gane ni, to, ya gane.

Taka cikin fargaba,
'Yar bakin gulbi

*

Wa alaikumus salam, 'yata.

Na ajiye wasiƙu da yawa da suka riga taki zuwa na fara da ke, domin taki ba ta jira. Ga amsar tambayarki a taƙaice: ke ba jahila ba ce, kuma tsoronki yana kan hanya. Kada a kafa tanti ko ɗaya a cikin gulbin nan a wannan wata.

Babu wani aljani a maganar, ruwa ne kawai. Gulbin da ya ratsa Gusau ya nufi Bungudu daga can wajen Funtua yake tasowa, yana tattaro ƙoramun da ke kan hanya. In aka yi ruwa mai ƙarfi a can, dole ya gangaro, ko da ku a nan rana na dukanku. Dattawan garinku sun san haka sarai. Sun dai faɗe shi ne ta hanyar da yaro zai ji tsoro ya kiyaye. Kuskurenki guda ne: kin kai wa ɗan boko magana a cikin rigar da ya riga ya raina, sai ya tsaya kan rigar bai duba abin da ke ciki ba.

Shi kuma maigidanki, ban ga laifin burinsa ba ko kaɗan. Mutumin da aka bari a gindin mota, ya dawo bai tsaya zagi ba, ya ce shi ma sai ya kai iyalinsa su san dajin ƙasarsu, wannan ya cancanci yabo. Inda ya yi tuntuɓe shi ne ya kwafo wurin ya bar lokacin. Turawan nan a watan Disamba suka je, lokacin da gulbi ya bushe ƙayau kuma ba a sa ran ruwa sai bayan watanni. Kuma ya tuna dalilin da ya sa aka tafi da shi tun farko: don ya tambayar musu mai gari. Su da suke baƙi sun tambayi mutanen wurin. Shi ɗan ƙasa bai tambayi kowa ba, alhali wadda ta tashi a bakin gulbin tana cikin gidansa.

Kada ki yi yaji. Gudunki zai tsirar da uku ne kawai, ya bar sauran yaran a cikin yashi, kuma ya ƙara masa taurin kai. Ki bari sai ya sha ruwa ya natsu, ba kowa a wurin, ki fara da gaya masa kina son tafiyar, tunda gaskiya ne kina so. Sannan ki roƙe shi abu guda: kafin Salla ya hau keke ko mota ya je ya sami Baba Manu, su tsaya tare a kan yashin nan, ya ɗaga kai ya dubi rassan itatuwan gaɓa. Zai ga ciyawa da karare da ruwan bara ya rataye a can, sama da kansa. Mai son ya gani da idonsa, to ga abin gani.

In ya gani, ki bar shi ya zama shi ne mai sanar da abokansa canjin, kada ki ce ai na faɗa. Su gaida mai gari, ya nuna musu tudu mai inuwa nesa da gaɓa, a kafa tantuna a can, kuma a hana yara sauka yashi ko da rana. In da so samu ne ma, a ɗaga tafiyar zuwa bayan kaka. A tafi da Baba Manu, zai koya wa yaran sunan kowane tsuntsu da kowace itaciya ba tare da madubi ba.

Malam akawu, in kana karantawa, ba wanda ya kunyata ka, ban san sunanka ba kuma ba na nema. Ka je ka dubi rassan nan kawai.

In kuwa duk an yi ya ƙi, 'yata, to nan biyayya ta tsaya. Kada ki je, kada ki ba da yaro ko ɗaya. Ki sami limamin unguwarku ko wani babba da yake jin nauyinsa, ki kuma bi matan nan gida-gida ki ba su labarin Lami kamar yadda kika ba ni, in sun ga dama su yi dariya. Zai yi fushi, ƙila ya daɗe bai yi miki magana ba. Ki jure. Mutumin da ke fushi a tsakar gidansa, yaransa uku suna wasa a gabansa, zai huce.

Allah ya kwantar miki da hankali, ya tsare muku zuriya, ya kai mu Salla lafiya.

Malam Arzika