Lallen da Kika Shuka a Gure

Gure, ƙasar Damagaram, bayan girbi.

Zuwa ga matata Ladi,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Yesu, wanda kika riga ni gani. Na san takardar nan ba mai kai miki ita. Motar Damagaram ba ta bi ta inda kike, kuma ko da ranki ba ki cika son rubutuna ba, kullum cewa kike kamar kaza ta yi tono. Amma bakina ya cika, kuma a garin nan ba ni da wanda zan juye wa. Ki yi haƙuri ki saurara.

An ɗaura auren 'yarki ranar Asabar. Saratu nake nufi. Kin ga na rubuta sunan, a takarda ba wuya. Ke har kika koma ba ki taɓa kiransa ba saboda kunyar 'yar fari, sai dai ki ce Baƙuwa. To, Baƙuwarki ta tafi ɗakinta. Mijin sunansa Yakubu, tela ne a Damagaram, mai bi ne, iyayensa mutanen wajen Kano. Ba shi da surutu, kunnuwansa manya, ɗinkinsa ba ya warwarewa. Ya aiko dattijo ya nema yadda ake nema, ita kuma da aka tambaye ta sai ta rufe fuska ta gudu bayan rumbu tana dariya. Ban ga abin da za ki ƙi a jikinsa ba.

Gari yana nan yadda kika bar shi. Yashi yana ta cin katangarmu ta gabas, in kwashe yau ya dawo gobe. Ruwan rijiya ya ƙara nisa, sai da na ƙara wa guga igiya. Aiki ma bai sake ba. Da safe in buɗe zauren magani, in wanke gyambo, in ɗiga maganin ido, in karanta wa masu jira Littafi. Su gyaɗa kai don ladabi, su yi godiya, su tafi sallarsu. Lokaci lokaci mu karɓi takardar izini wurin kwamanda, Baturen mulki, mu hau raƙumi zuwa Bune ko Gidigir, mu dawo da ciwon baya. Ran Lahadi mu share zauren nan dai mu yi sujada: Malam Dogo, Baturen da muka biyo, da Uwargidansa, da tsohon kukunsu, da ni. Saratu ce mai riƙe mana waƙa. Jiya da muka tayar babu ita, kowa ya kama tasa hanya, har kuku ya yi shiru don kunya.

Kin tuna da aka ɗauko mu daga ƙasar Zazzau an ce ɗan lokaci ne za mu koma? Malam Dogo ya ƙetare teku ya ga danginsa, ya dawo da kumatu. Ni ko Kano ban sake gani ba. Ban faɗa don in ɓata shi ba. Mutum ne mai aiki, yakan sa hannunsa cikin ruɓar da ni kaina sai na kau da kai. Amma shi yana da inda yake zuwa ya huta, mu kuwa hutunmu shi ne wanda kika samu a bayan tudu.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Da aka sa rana, maƙwabciyarmu Ya Falmata, mai sayar da gishirin manda, ta shigo ta zauna bakin murhunki kamar gidanta. Dama tun rasuwarki ita ke yi wa yarinyar kitso, ita ta koya mata tuƙin tuwon da ba gudaji. Ta tambaye ni yaushe za a sa amarya a lalle, don ta gaya wa matan unguwa. Na ce sai na ji daga Malam Dogo. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce ashe Bazazzagi mai wankin gyambo ba shi ya haifi 'yar ba, Nasara ne ya haifa. Na haɗiye, na tafi barandar Malam Dogo.

Ya ce a'a. Bai ɗaga murya ba, ya ma ba ni kujera. Ya ce lalle da wankan amarya ba na masu bi ba ne, a cikinsu ake cusa tsoron mayu da aljannu. Ya ce wannan ne auren Kirista na farko da Gure za ta gani, in amarya ta fito da hannu irin na kowace amaryar gari, mutane za su ce ashe mun gaji mun dawo hanya. Za ta sa farar riga, ni kuma in riƙo hannunta in shigo da ita gaban jama'a, in faɗa da bakina cewa na ba da ita. Ladi, kin ji? Ni, in riƙe hannun 'yar fari a gaban mutane. A garinmu uban amarya ɓuya yake ranar, ƙanensa ke bayarwa. Amma ina ƙanena a nan? Na ce wannan na ɗauka, ko da kunya za ta kashe ni. Na roƙe shi lallen kawai. Ya ce in aka sa, shi ba zai ɗaura ba.

Na dawo na gaya wa Saratu. Kin san halinta, naki ne, a ciki take riƙe abu. Da la'asar na zagaya bayan ɗaki na same ta tsugune gindin lallenki, ta ɗauko zungurunki daga cikin kwalla, wanda kike zura hannu in kin ƙunsa, ta rungume shi a cinya. Ba kuka take ba. Da kuka take da ya fi mini sauƙi.

Lallen nan yana raye. Ban taɓa gaya wa kowa dalili ba. Kin tuna reshen da kika ƙunso a tsumma tun daga gida, na ce wahalar banza ce, yashin nan ba ya riƙe komai? Tun da muka binne ki, guga na farko kowace safiya nasa ne. In an tambaye ni sai in ce na magani ne, muna sa wa masu ƙaiƙayin ƙafa. Ba na magani ba ne. Ranar da aka kawo mini ke ban ga fuskarki ba, an lulluɓe ki har ƙasa. Hannunki na fara gani, ya leƙo daga mayafi, ja har ya yi baƙi a yatsu. Tun daga ranar ban ƙara kallon hannun wata mace ba. Mun yi zama mai tsawo ban faɗa miki ba. Me ya hana ni? Cewa nake akwai lokaci.

Ya Falmata ta dawo jin amsa. Da na gaya mata, ba ta zage ni ba, abin da ta yi ya fi zagi. Ta tuna mini cewa ranar da kika cika, da mazan gari suka ce ba za a sa ki a maƙabartarsu ba, ita da ƙanwarta suka shigo suka wanke ki, ba su tambayi addininki ba. Ta ce gawarki ma ba su bari ta tafi ba wanka ba, balle 'yarki da ranta. Ta ce in na fitar da yarinyar nan da farin hannu, ba ruwa, ba turare, ba macen da ta taɓa ta, to na shela wa Gure cewa ba ta da uwa kuma ba ta da kowa, kuma haka dangin mijinta za su karɓe ta.

Na koma Littafi na duba, Ladi, ba don in kayar da Bature ba, don in san ko zunubi zan yi. Na ga amare da aka yi wa ado, na ga mai da turare. Ban ga inda ganye ya zama gunki ba. To sai na yanke. Na ce wa Ya Falmata ta tara matanta.

Amma kada in zalunci Malam Dogo, ba duka ya yi kuskure ba. Da na tsananta tambaya, sai ga shi Ya Falmata ta riga ta karɓo rubutu wurin mijinta, wanda malami ne, za ta zuba a ruwan wankan, da wata laya ta ɗaurawa a ƙugu. Na ce wannan kam a'a. Ruwa ni zan ɗebo da hannuna, ganye daga bayan ɗakina, ba abin da zai shiga ciki sai addu'a, kowa ya yi tasa a zuci. Ta ce tun da take ba ta taɓa ganin namiji mai shiga sha'anin mata irina ba, saura in ɗaura zane in zo in yi guɗa. Amma ta yarda, kuma ta cika alkawari. Suka tsige ganyen, suka daka, suka ƙunsa mata hannu da ƙafa, hannun dama a zungurunki. Suka zaunar da ita kan turmi suka wanke ta, gida ya cika da turaren wuta irin nasu na Barebari. Ni ina zaure ina jin waƙarsu. Rabon gidan nan da hayaniyar mata tun zaman makokinki.

Ban ɓoye ba. Na je da ƙafata na gaya wa Malam Dogo an sa. Ango ya riga ya iso da mutanensa, an yanka rago. Uwargida ce ta nemo mafita. Ta buɗe akwatinta ta fito da farar safar hannu, doguwa har gwiwar hannu, wadda ta sa ranar nata auren. Ta ce Saratu ta sa, ƙafa kuma riga za ta rufe, shi ke nan ba wanda ya ga komai. Mijinta ya yarda a kan haka. Ni ma na yi shiru, na ɗauka an gama.

Ran Asabar zaure ya cika da 'yan rakiyar ango. Matan unguwa ba su shiga ba, suka tsaya bakin ƙofa da tagogi, Ya Falmata a gaba, iyakar inda mijinta ya yarje mata ke nan. Na riƙo yarinyar muka shigo, idona a ƙasa. Rabona da hannunta tun tana koyon tafiya. Da Malam Dogo ya tambayi wanda ya ba da wannan mace, na ɗaga hannun zan sa cikin na Yakubu, sai na ji ba hannu nake riƙe da shi ba, tsumma ne. Me zan miƙa wa yaron nan? Abin da muke jin kunyarsa? Matan da suka ƙunsa shi suna tsaye a rana suna kallo. Ke kuma da kika ɗauko reshen tun daga Zazzau fa?

Na zare safar, Ladi. A hankali, yatsa bayan yatsa, ta dama sannan ta hagu. Lallen ya kama ƙwarai, ja har ya yi baƙi, kamar naki. Na ce ni ne na ba da ita, ni ubanta, na kuma kira sunanta da ƙarfi kowa ya ji. Kunnuwan Malam Dogo suka yi ja. Ya dubi hannun, ya dubi littafinsa, ya dube ni. Ina jira ya rufe littafin. Bai rufe ba. Ya ci gaba da karatu, muryarsa a daƙile, har Yakubu ya zura zobe a jan yatsa. Guɗar da Ya Falmata ta saki daga bakin ƙofa ita ta cinye Amin ɗinmu.

Ya ɗaura, wannan ba zan manta masa ba. Amma yau da safe ya kira ni baranda, bai ba ni kujera ba. Ya ce na karya abin da aka shirya, na kunyata shi gaban baƙi, zai kai maganata wurin manya a Damagaram, mai yiwuwa a sallame ni in koma gida. Gida, Ladi. Abin da na yi ta roƙo har na gaji, yau shi ne horona. Na ce masa a kan shirun da na yi lokacin da aka kawo safar yana da gaskiya, da tun a nan na ce ban yarda ba. A kan hannun 'yata kuwa ba ni da tuban da zan yi.

Safar na wanke ta na kai wa Uwargida da kaina, na ba ta haƙuri. Ita da zuciya ɗaya ta bayar. Ita ce ta zauna kanki tana jiƙa miki leɓe lokacin da ni na kasa shiga ɗakin, kuma jaririnta yana kwance kusa da ke a bayan tudu. Ta karɓa, ta riƙe hannuna.

Ba zan tafi ba. In sun karɓe mabuɗin zaure, akwai inuwar gawo a bakin kasuwa, gyambo kuma ba ya tambayar wanda ya aiko ka. Ba don Malam Dogo na bar ƙasarmu ba, ba kuwa shi zai gaya mini ranar da aikina ya ƙare ba. Mutanen nan ba su karɓi abin da na kawo musu ba, wataƙila har in mutu ba za su karɓa ba. Amma sun wanke matata, sun wanke 'yata. Zan ci gaba da wanke gyambonsu, ina karanta musu Littafi, mai ji ya ji. Kuma wa zan bar wa kabarinki? Yashi?

Lallenki yanzu tsirara yake, matan nan ba su bar masa ko ganye ɗaya ba. Na duba ɗazu, ya fara tsiro a ƙasan reshe. Gobe guga na farko nasa ne, kamar kullum. In wani ya tambaya, na daina cewa na magani ne. Zan ce na matata ne.

Ki huta lafiya. Ki ajiye mini wuri kusa da ke, amma kada ki sa ido a hanya tukuna, da sauran aiki.

Ni ne mijinki da kika bari a yashin Gure,
Bulus, uban Saratu.